Waƙa A Bakin Mai Ita: Darasi Daga Mawaƙan Karkarar Amurka

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kullum muna faɗin wannan magana, amma ba kasafai mukan tsaya mu tambayi kanmu ko wane ne mai ita ɗin ba. Shin wanda ya tsara baitocin ne, ko wanda ya rera, ko wanda ya zuba kuɗinsa aka naɗi faifan, ko kuwa mutanen da aka yi waƙar a kan rayuwarsu? Tambayar tana da sauƙi a baki. Amma duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami ya kai rubutunsa kasuwa ya san amsarta ce ke yanke masa abin da zai faɗa da abin da zai haɗiye.

Domin mu dubi wannan al'amari da idon basira, na ɗauko misali daga nesa, saboda rigimar gidan wani ta fi sauƙin alƙalanci. Misalin kuwa shi ne waƙar kantiri, wato waƙar mutanen karkarar Amurka. Ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, domin duk wanda ya yi zamani da rediyo da kaset a ƙasar nan ya ji muryar Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton da Kenny Rogers. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, can a gidanta, sama da shekara sittin ke nan ana jayayya tsakanin ɓangare biyu: masu waƙar da manyan gidajen rediyo ke sakawa, wadda ake sarrafawa a birnin Nashville, da kuma mawaƙan yankuna masu cin gashin kansu, musamman na jihohin Texas da Oklahoma.

Yadda Nashville Ta Zama Kasuwa

Asalin wannan waƙa ta talakawa ce, manoma da makiyaya da masu haƙar kwal da ma'aikatan jirgin ƙasa na kudancin Amurka. Kayan kiɗanta su ne jita da gogen Turawa da kuma banjo, wanda bayin da aka kwasa daga Afirka suka ƙera bisa fasalin molaye da garayun da suka baro a gida. A shekarar 1925 gidan rediyon WSM na Nashville ya fara shirin da daga baya aka sa wa suna Grand Ole Opry. A 1927 wani jami'in kamfanin faifai mai suna Ralph Peer ya je garin Bristol ya naɗi muryar Jimmie Rodgers da ta iyalin Carter. To mai karatu ya lura da wannan: tun ranar gini, rediyo da kamfani suna cikin zane. Shi kansa gidan WSM mallakar wani kamfanin inshora ne da ke neman masu sayen hajarsa a karkara.

A ƙarshen shekarun 1950 sabon kiɗan samari irin na Elvis Presley ya kwashe kasuwa. Sai masu shirya faifai a Nashville, irin su Chet Atkins da Owen Bradley, suka yi dabara. Suka rage gogen ƙauye da muryar hanci, suka kawo tattausan kiɗa da 'yan amshi, domin mutumin birni ya saurara ba tare da jin kunya ba. Ana ba da labarin cewa idan aka tambayi Atkins mene ne wannan sabon salo na Nashville, sai ya sa hannu a aljihu ya karkaɗa sulalla. Dabarar ta ci, kuma ita ce ta haifar da Jim Reeves ɗin da muke so. Sai dai ta kafa wani tsari: marubuta waƙa na zaune a ofis kamar akawu, makaɗan ɗakin naɗi ƙwararru ne da ke yi wa kowa kiɗa, mai shirya faifai ne ke zaɓen waƙa, shi kuwa mawaƙi nasa ya buɗe baki.

Abin Da Rediyo Ke So

Kafin mu zargi kowa, ya kamata mu fahimci sana'ar gidan rediyo mai zaman kansa. Mai sauraro ba ya biyan ko kwabo. Mai talla ne ke biya, kuma abin da yake saye shi ne kunnen mai sauraro. Ke nan aikin waƙa a irin wannan gida shi ne ta riƙe mutum kada ya juya akala har lokacin talla ya zo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Waƙar da za ta girgiza zuciyar mutum goma ta kori biyu, asara ce. Waƙar da ba za ta girgiza kowa ba, ba ta kuma kori kowa ba, ita ce riba. Saboda haka gidajen kan ɗauki masu bincike su riƙa kunna wa mutane 'yan daƙiƙoƙi daga cikin waƙa, a tambaye su ko sun so ko sun gaji da ita.

A shekarar 1996 majalisar Amurka ta yi sabuwar dokar sadarwa wadda ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar. Kafin nan iyakar ita ce tasha 40. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel, wanda ya koma iHeartMedia a 2014, ya tara tashoshi wajen 1,200. Sakamakon haka, ɗan ƙaramin gari da a da mai gabatar da shirinsa ke iya saka waƙar ɗan maƙwabcinsa, sai ya wayi gari ana tsara masa jerin waƙoƙi daga wani ofishi mai nisan ɗaruruwan mil.

Idan 'yan tsirarun mutane ne ke zaɓa wa miliyoyi, to tsoronsu ne zai zama ɗanɗanon kowa. A farkon shekarun 2010 waƙoƙin rediyon suka yi kama da juna har wani ɗan jarida, Jody Rosen, ya laƙaba musu sunan ba'a a 2013. Kusan kowace ta ƙunshi motar a-kori-kura, da hanya marar kwalta, da giya mai sanyi, da budurwar da ba ta da suna balle magana. A 2015 kuma wani mai ba gidajen rediyo shawara, Keith Hill, ya fito fili ya ce kada a yawaita saka waƙoƙin mata, inda ya kwatanta maza da ganyen latas a kwanon salak, mata kuwa tumatirin da ake yayyafawa a sama. Duniya ta yi masa ca, amma shi abin da yake gani ana yi ya faɗa.

Mutanen Jar Ƙasa

Tun da wuri aka sami masu ƙin wannan tsari. A garin Bakersfield na Kalifoniya, inda talakawan Oklahoma da Texas suka yi ƙaura lokacin fari da guguwar ƙura na shekarun 1930, Buck Owens da Merle Haggard sun riƙe kiɗa mai kaushi irin na zauren rawa. Amma babban misali shi ne Willie Nelson. Ya je Nashville a 1960, ya rubuta waƙoƙin da wasu suka yi suna da su, ciki har da wadda Patsy Cline ta rera a 1961, amma nasa faya-fayan ba su yi kasuwa sosai ba, domin an yi ta ƙoƙarin sa masa rigar da ba tasa ba. Ya gaji ya koma jiharsa ta Texas, kuma a 1972 ya sami masu sauraro a birnin Austin, inda kaboyi da ɗan jami'a mai dogon gashi suka zauna a zaure ɗaya. A 1975 ya fitar da faifan Red Headed Stranger, wanda ya naɗa da kuɗi kaɗan da kayan kiɗa kaɗan. Shugabannin kamfaninsa suka ɗauka gwaji ne bai gama ba, amma yarjejeniyarsa ta ba shi ikon yanke hukunci. Faifan ya fito yadda yake, ya kuma yi kasuwar da ba su zata ba. Abokinsa Waylon Jennings ma ya yi ta fama da kamfanin RCA har ya sami 'yancin naɗar faifai da makaɗansa na kansa.

A Oklahoma kuma, a garin Stillwater, wasu mawaƙa irin su Bob Childers sukan taru a wani tsohon gidan gona suna rubutu suna rerawa. Aka sa wa salonsu suna Red Dirt, wato jar ƙasa, saboda launin ƙasar yankin. Daga wannan tushe aka sami ƙungiyoyi irin su Cross Canadian Ragweed, daga baya kuma Turnpike Troubadours. Waɗannan mutane sun gina tasu kasuwar: ƙananan tashoshin yanki, da bukukuwan shekara, da tsofaffin zaurukan rawa irin su Gruene Hall na Texas wanda aka gina a 1878, da Cain's Ballroom na birnin Tulsa. Mawaƙi zai shiga mota da makaɗansa ya yi ta zagaya garuruwa, ya sayar da faifansa da riguna a bakin ƙofa, ya ci abinci ba tare da an taɓa jin sa a manyan tashoshi ba.

Da intanet ta zo sai shingen ya ƙara faɗuwa. A 2015 faifan Aaron Watson, ɗan Texas da ba ya ƙarƙashin wani babban kamfani, ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin faya-fayan kantiri na mujallar Billboard. A shekarar ne kuma Jason Isbell ya yi haka da faifan da ya fitar a kamfaninsa na kansa. A watan Afrilun 2025 ƙungiyar Cross Canadian Ragweed, wadda ta watse tun 2010, ta sake haɗuwa ta cika filin wasan jami'ar Stillwater dare huɗu a jere.

Me Mutane Ke Nema A Wurinsu?

Idan ka tambayi masoyan wannan waƙa, za su ce maka ita ce ta gaskiya. Amma me gaskiya ke nufi a waƙa, alhali mawaƙi na iya ƙaga labarin da bai taɓa faruwa ba? A ganina abu uku suke nufi.

Na farko, sanin wuri. Waƙar rediyo kan ambaci ƙaramin gari, amma ba ta faɗin wanne, domin a sayar da ita a kowane gari. Mawaƙin yanki kuwa zai kira sunan kogin, da lambar hanyar, da masana'antar da aka rufe, da sana'ar uban yarinyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin mamakin shi ne, wanda bai taɓa taka Oklahoma ba ya fi gaskata waƙar da ta kira suna, domin ɗan Adam yana gane ƙamshin abin da aka gani da ido.

Na biyu, rashin tsoron ɗaci. Rayuwar karkarar Amurka ba rawa da a-kori-kura kaɗai ba ce. Akwai bashin banki, da gonar da aka sayar, da ƙwayoyin maye da suka cinye matasa a yankunan kwal, da auren da ya mutu, da tsufa. Mai talla ba ya son a ɓata wa mai sayensa rai dab da tallan mota. Mawaƙa irin su Tyler Childers na jihar Kentucky sun sami jama'a ne saboda sun faɗi abin da kowa ke gani a gidansu.

Na uku, wanda shi ne ginshiƙin maganata, shi ne kunyar ido. Wanda ke waƙa a zaure mai ɗaukar mutum ɗari biyar yana ganin fuskokin masu saurarensa, kuma baɗi zai dawo ya same su. Idan ya yi ƙarya a kan aikin rijiyar mai, akwai ma'aikacin rijiyar mai a gabansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne a irin wannan zaure. Wanda ke rubutu domin jadawali kuwa ba mutum yake gani ba, alƙaluma yake gani, su kuwa alƙaluma ba a jin kunyarsu. Ashe abin da mutane ke kira gaskiya amana ce: mawaƙin ya san waɗanda ya ɗauki rayuwarsu ya sa a waƙa, ya kuma san za su tuhume shi.

Kada Mu Yi Saurin Yanke Hukunci

Da a nan za mu tsaya, da sai mu ce Nashville mugu, Texas nagari, mu tashi. Amma tarihi bai yarda da wannan sauƙi ba.

Da farko, kasuwa ta yi abin kirki. Ofisoshin nan da ake yi wa ba'a su ne suka fitar da waƙoƙin Patsy Cline da George Jones da Dolly Parton. Zaman ofis yana koyar da horo: yanke kalmar da ba ta da aiki, da gama tunani cikin minti uku. Waƙar da ta fi fice a faifan Willie Nelson na 1975 ma ba shi ya rubuta ta ba. Tsohuwar waƙar Fred Rose ce, mutumin da ya haɗu da Roy Acuff suka kafa kamfanin dillancin waƙoƙi a Nashville a 1942. Wato ɗan tawaye ya ci nasara da kayan gidan da ya yi wa tawaye. To wane ne mai waƙar a nan? Kuma George Strait ya yi wasa a Gruene Hall kafin ya zama sarkin rediyo, Garth Brooks kuma a Stillwater ya yi karatu ya fara waƙa. Rijiya ɗaya ce ta shayar da ɓangarorin biyu.

Na biyu, tawaye ma haja ne. A 1976 kamfanin RCA ya ga jama'a na son 'yan tawayen nan, sai ya tattara waƙoƙin Jennings da Nelson da Jessi Colter da Tompall Glaser, galibinsu tsofaffi, ya yi musu bango mai kama da takardar cigiyar ɓarayi. Wannan faifai shi ne na farko a tarihin kantiri da aka ba shaidar sayar da kwafi miliyan ɗaya. Haka nan Cody Johnson, wanda ya yi suna da zaman kansa a Texas, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Warner a 2018, shi ma Zach Bryan ɗan Oklahoma, wanda ya fara da saka waƙoƙinsa a YouTube yana sojan ruwa, ya bi sahu a 2021. Akwai kuma mawaƙan yanki da suka mai da zagin Nashville da kirarin Texas nasu a-kori-kurar, suna maimaitawa saboda sun san zaure zai yi tafi. Wannan ma bautar kasuwa ce, ƙaramar kasuwa kawai.

Na uku, talauci ba shaidar nagarta ba ne. Townes Van Zandt yana cikin manyan marubuta waƙa da Texas ta haifa, amma ya yi yawancin rayuwarsa cikin ƙunci da shaye-shaye har ya rasu ranar 1 ga Janairun 1997 yana da shekara 52. Waƙarsa Pancho and Lefty ta kai matsayi na ɗaya ne a 1983 a bakin Willie Nelson da Merle Haggard. Masu son labarin gwanin da duniya ta wulaƙanta sukan ji daɗin wannan tarihi daga kan kujerarsu, amma ba su ne suka kwana da yunwar ba. Ba adalci ba ne mu nemi mawaƙi ya wahala domin mu ji cewa muna da ɗanɗano.

Na huɗu, jama'a ma kan zama azzalumai. A watan Maris na 2003, ana dab da yaƙin Iraƙi, Natalie Maines ta ƙungiyar Dixie Chicks ta faɗa a wani wasa a Landan cewa suna jin kunyar shugaba Bush ɗan jiharsu ta Texas ne. Gidajen rediyo suka janye waƙoƙinsu, gaskiya ne, amma masu sauraro ne da kansu suka yi ta bugo waya suna kuma farfasa faya-fayan a titi. Kunyar ido da na yaba a baya tana da wannan haɗari: wanda ke tsoron idon mutanensa na iya kasa faɗa musu abin da ba sa son ji.

Kammalawa

To ina muka dosa? A ganina rigimar ba ta wurin da aka naɗi faifai ba ce, ko girman kamfani, ko yawan kuɗi. Johnny Cash ya isa misali. Kamfanin Columbia ya sallame shi a 1986 bayan kusan shekara talatin, rediyo ta juya masa baya saboda tsufa. A 1994 ya fitar da faifan da ya zauna da jita ɗaya ya naɗa tare da Rick Rubin, kuma da yawa daga waƙoƙin da ya rera a ƙarshen rayuwarsa na wasu ne. Duk da haka wanda ya ji ya san nasa ne, domin ya san ma'anar kowace kalma kuma a shirye yake ya tsaya a kanta. Mai waƙa shi ne wanda za a iya riƙe wa riga a kanta, ya kuma amsa.

Amana tana da fuska biyu. Ɗaya, kada ka yi ƙarya a kan mutanenka domin baƙo ya saya. Biyu, kada ka yi musu ƙarya domin su tafa maka. Rediyo ta fi jefa mawaƙi cikin laifi na farko, zauren gida kuma cikin na biyu. Abin da ya sa zauren ya ɗan fi aminci shi ne, a can mutum ne ke gabanka, kuma mutum ana iya yin gardama da shi, ya fusata yau ya gane gobe.

'Yan uwana marubuta, musamman masu tasowa, mu ma muna da namu masu talla. Akwai ɗan kasuwar da zai ce wannan irin labarin ne ke tafiya, a yi masa kashi na biyu da na uku. Akwai alƙalan gasa da mutum kan rubuta domin ya burge su. Akwai masu karatu a waya da ke neman a ƙara yaji kullum. Neman abinci da alƙalami ba aibi ba ne, kuma wanda ya buga littafinsa da kuɗinsa bai zama waliyyi ba saboda haka. Amma idan ka zauna za ka rubuta labarin bazawara, ko almajiri, ko manomin da ambaliya ta cinye wa gona, ka tambayi kanka: da za a karanta wannan a gabansa, zai ce haka ne, ko kuwa zai sunkuyar da kai? Ka kira sunan unguwar, ka san farashin mudun, ka san abin da ake cewa a gidan idan baƙo ya fita. Sa'annan idan gaskiyar ta taɓa shi kansa, ka faɗa masa cikin mutunci, kada ka haɗiye.

Allah Ya sa alƙalumanmu su riƙe amana.